Wasan Kwaikwayo Na Ban Tsoro: Kowane Ɗan Kallo Da Dodon Da Ya Zo Da Shi

Duk wanda ya san birnin Maiduguri ya san Abbaganaram, ɗaya daga cikin unguwanni masu cunkoson jama'a, inda Barebari da Hausawa da Shuwa da sauran kabilu suke zaune gida na jikin gida. Mutanen wannan unguwa ba su bukatar kowa ya yi musu bayanin abin da ake kira tsoro. Tun daga watan Yuli na 2009, sa'ad da rikicin Boko Haram ya ɓarke a birnin, har zuwa 2013 da samari 'yan kato da gora suka tashi tsaye, sunan Abbaganaram bai daina fitowa cikin labaran harbe-harbe da tashin bama-bamai ba. A cikin waɗannan shekaru ne aka hana hawa babur a Maiduguri, aka yi ta sa dokar hana fita, har aka kai ga katse layukan wayar salula.

Da ƙura ta lafa kuma sai ga ruwa. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya malale babban sashe na birnin, har da Abbaganaram. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka tsere, hukumar gidan namun daji na Sanda Kyarimi kuma ta gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai ya shiga da su cikin gari.

To, ga tambayar da ke gaban kowane mai tsara wasan kwaikwayo a irin wannan wuri, ko ɗalibi ne a Jami'ar Maiduguri ko kuwa ɗan ƙungiyar samari ne a unguwa: mutumin da ya ga waɗannan abubuwa da idonsa, zai yarda ya zauna a gaban dandali don a tsorata shi da gangan? In kuwa ya zauna, me zai gani, kuma wace fassara zai yi wa abin da ya gani? Tarihin wasannin ban tsoro, na gida da na waje, yana da amsar da ya kamata a saurara.

KURA MAI TAKUNKUMI

Da farko dai, neman tsoro don nishaɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Yaron da ya tashi a gaban kakarsa ya san Dodo tun kafin ya san harafi, ya san yadda yake haɗiye mutane da shanu, ya kuma san yadda jiki yake yin sanyi in tsohuwa ta sauya murya tana kwaikwayonsa cikin duhu. Amma gobe da dare shi ne zai fara roƙon a sake masa. Dalili kuwa shi ne ya tabbata tatsuniya tana da ƙofar fita: da an ce ƙurunƙus, Dodo ya koma inda ya fito, sai barci.

Haka abin yake a dandalin kasuwa. In gardawa suka sauka da kura da biri da macizai, za ka ga jama'a sun yi da'ira, kura ta zaburo a watse da ihu, ta ja da baya a sake matsowa ana dariya, kana a jefa kuɗi. Babu wanda zai tsaya minti guda in da a dawa ya haɗu da ita. Abin da ya tsayar da shi a nan shi ne takunkumin da ke bakinta da sarƙar da ke hannun gardi. Haka kuma masu kallon 'yan tauri da 'yan dabo: gaba yana faɗuwa, amma can cikin zuciya akwai yardar cewa mai wasan ya san abin da ya taka.

Ƙasar Barno ma tana da nata tsohon dandali. Tun a 1910 wani Bature ya rubuta bayanin wasan 'yan tsana da ya gani a can, wanda ake kira dabo-dabo, a 1935 kuma wani mai suna Ellison ya sake bayyana irinsa. Mai wasan yakan ɓuya a ƙarƙashin babbar riga, ya sa 'yan tsana a hannuwansa, ya yi magana da wata siririyar murya wadda ba ta yi kama da ta mutum ba. 'Yan kallo ba su ganin mutum, murya kawai suke ji, sauran kuwa zuciyarsu ce take cikewa.

Wannan cikewa da zuciya take yi ita ce gishirin al'amarin duka, kuma ba kullum take tafiya inda mai wasa ya nufa ba. Sa'ad da sinima ta shigo ƙasar Hausa, ɗaya daga cikin sunayen da aka laƙaba mata shi ne dodon bango. Da gidan sinima na El-Duniya da ke Kano ya ƙone a 1951, mutum 331 suka rasu, binciken gwamnati ya ce wuta ce ta kama faya-fayan fim, waɗanda a zamanin nan suke ci kamar fetur. Amma da yawa daga mutanen gari ba haka suka fassara shi ba, cewa suka yi azaba ce ta sauka a kan masu kallon abin da bai kamata ba. Abu guda ne ya auku, fassara kuwa kowa da tasa.

MACE MAI BAƘAƘEN TUFAFI

In ana son a ga yadda wannan yake aiki a kan wasan ban tsoro na zamani, babu misalin da ya fi wani wasa na ƙasar Ingila mai suna The Woman in Black, watau Mace Mai Baƙaƙen Tufafi. Asalinsa littafi ne da Susan Hill ta wallafa a 1983, Stephen Mallatratt ya mayar da shi wasan kwaikwayo, aka fara nuna shi a garin Scarborough a ƙarshen 1987. Rashin kuɗi ne ya sa aka tsara shi da 'yan wasa ƙalilan da kaya kaɗan. A 1989 ya isa Landan, ya zauna a gidan wasa na Fortune har ranar 4 ga Maris 2023, watau shekara 33, an nuna shi fiye da sau 13,000.

Labarin wani tsohon lauya ne, Arthur Kipps, wanda wani abu ya same shi tun yana saurayi, ya hana shi sakat har tsufansa. Sai ya ɗauki hayar wani saurayi ɗan wasan kwaikwayo don ya koya masa yadda zai ba iyalinsa labarin, ko ya samu ya sauke nauyin da ke ƙirjinsa. Suka shirya saurayin ya fito a matsayin Kipps na ƙuruciya, shi kuma tsohon ya riƙa fitowa a matsayin sauran mutanen da ya haɗu da su.

Abin da ya faru shi ne, an aiki Kipps ya tattara takardun wata tsohuwa da ta rasu, Alice Drablow, a wani gida da ke tsakiyar fadama a bakin teku, inda ruwa yakan cika ya rufe hanya, hazo kuma ya sauka ba sallama. Tun a wurin jana'iza ya hangi wata mace ramammiya cikin baƙaƙen tufafi, amma duk wanda ya tambaya a garin sai ya kau da kai. Daga bisani takardu suka nuna masa ko wace ce. Sunanta Jennet Humfrye, 'yar'uwar marigayiyar, wadda ta haihu ba da aure ba, aka tilasta mata ta ba da ɗan ga 'yar'uwarta. Wata rana tana tsaye a taga ta ga keken dokin da yaron yake ciki ya nutse a cikin taɓo. Tun da ta mutu kuwa, duk lokacin da aka ga fatalwarta sai wani yaro ya rasu. Shi ma Kipps bai tsira ba, don daga baya ya rasa ɗansa da matarsa.

Abin mamaki shi ne kayan da ake tsorata ɗaruruwan mutane da su: adudu guda, 'yan kujeru, ƙofa, kujera mai lilo, hayaƙi, da sautin kofaton doki. Adudun nan shi ne tebur, shi ne gado, shi ne keken doki. Akwai kare a cikin labarin, amma babu kare a kan dandali, hannun ɗan wasa kawai ake gani yana shafa iska. Babu jini ko ɗigo. Duk da haka wasan ya yi suna wajen sa manya su yi kururuwa, ɗaliban makaranta da ake kawowa rukuni-rukuni kuma su ƙanƙame juna, daga nan ɗakin duka ya fashe da dariya, irin dariyar nan ta masu kallon kura bayan ta ja da baya.

A ƙarshen wasan ne ake ɗana tarkon da ya fi kowane. Saurayin yakan yaba wa tsohon a kan matar da ya samo ta fito a matsayin fatalwa, tsohon kuwa ya nuna shi bai kawo kowace mace ba, bai ma ga kowa ba. Nan take 'yan kallo suke tunawa cewa su ma sun gan ta. Watau an hana su ƙurunƙus, an sallame su da Dodo a aljihu.

FASSARA UKU

Da an fito waje sai bakuna su rabu. Wasu ba su ga kome ba sai muguwar fatalwa mai ɗaukar fansa a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma a wurinsu daɗin wasan bai wuce faɗuwar gaba ba. Wasu kuwa matar suke tausaya wa, suna ganin mugun na gaskiya shi ne jama'ar da ta ƙwace wa uwa ɗanta don gudun abin kunya. Ba abin mamaki ba ne in uwa ta ga abin da ɗanta saurayi da ke zaune kusa da ita bai gani ba, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kashi na uku kuma hankalinsu yana kan tsohon lauyan ne, mutumin da ya haɗiye labarinsa shekara da shekaru har ya zame masa ciwo, yana neman wanda zai saurare shi.

In da za a kawo wannan wasa Kano ko Maiduguri, lalle da an sami fassara ta huɗu. Musulmi bai yarda mamaci yana dawowa duniya ba, saboda haka da yawa za su ce ai wannan ba Jennet ba ce, aljana ce ta ari kamanninta, kuma laifin Kipps shi ne kwana a kango shi kaɗai ba tare da addu'a ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu duka. Marubuci ya kawo adudu ne kawai, kowane ɗan kallo shi ya zuba abin da ke ciki.

GIDAN DA GASKIYA TA RUFE

Amma fa duk waɗannan 'yan kallo na Landan mutane ne da suka fito daga gidajensu lafiya, suka san za su koma lafiya. Abin da yake faruwa in tsoro na gaskiya ya riga na wasa isowa, sai a duba birnin Paris na ƙasar Faransa.

A 1897 Oscar Méténier, wanda ya taɓa aiki da 'yan sanda, ya buɗe wani ƙaramin gidan wasa a cikin wata tsohuwar majami'a, mai kujeru ƙasa da 300, ya sa masa suna Grand-Guignol. Shi Guignol ɗin sunan wani ɗan tsana ne da ake sawa a hannu, ɗan'uwan dabo-dabon Barno ke nan. Max Maurey, wanda ya karɓi gidan a 1898, shi ya mayar da shi matattarar ban tsoro. Saɓanin wasan Landan, a nan kome a fili ake nuna shi: yanka, ƙwaƙule ido, hauka, jinin ƙarya yana malala. André de Lorde ya rubuta musu wasanni fiye da 100, wasu tare da masanin halayyar ɗan Adam Alfred Binet. An ce Maurey da yawan waɗanda suka suma yake auna nasarar wasa, har ya ɗauki likita don farfaɗo da su. Amma ko su sun san tsoro tsantsa ba ya shayuwa, shi ya sa a dare guda sukan jera gajerun wasanni, na ban tsoro ya biyo na ban dariya, kamar mai wanka da ruwan zafi yana sirkawa da na sanyi.

Gidan ya yi tashe shekaru da dama, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai kasuwarsa ta yi ta ja da baya, har aka rufe shi a 1962. Finafinan ban tsoro sun janye masa jama'a, wannan gaskiya ne. Sai dai shugabansa na ƙarshe, Charles Nonon, ya kawo wani dalili da ya fi wannan nauyi. A ganinsa, kafin yaƙi mutane suna kallon abin da ake yi a dandali ne a kan cewa ba zai taɓa yiwuwa ba, amma bayan an ga abin da aka aikata a sansanonin 'yan Nazi irin su Buchenwald, kowa ya san yana yiwuwa, har da wanda ya fi shi muni. Takunkumi ya fita daga bakin kura, wasa ya tashi daga wasa.

Tun kafin wannan da shekaru fiye da 2,000 mutanen Atina ta ƙasar Girka suka koyi darasi makamancinsa. A shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) Farisawa suka ci birnin Militus, wanda mutanensa dangi ne kuma abokan ƙawancen Atinawa, suka kashe maza, suka kwashe mata da yara bayi. Ba da jimawa ba wani marubuci, Firinikus, ya tsara wasa a kan faɗuwar birnin. Masanin tarihi Hirodotas ya ruwaito cewa gidan wasan duka ya ɓarke da kuka, aka ci marubucin tarar dirhami 1,000 saboda ya tuna musu da masifar da ta shafe su, aka kuma hana sake nuna wasan. Ba don ya yi ƙarya aka hukunta shi ba, don ya fama miki ne tun bai kame ba.

KOMAWA ABBAGANARAM

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ƙarar da za ta sa ɗan kallon Landan ya zabura ya yi dariya, ita ce za ta iya sa wani a Abbaganaram ya kwanta ƙasa, ko ya nufi ƙofa a guje, ko ya kwana uku bai runtsa ba. Bugun ƙofa da tsakar dare, rurin babur, hasken tocila a fuska, ƙarar ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure, waɗannan a wani wuri dabarun dandali ne, a nan kuwa ranaku ne da mutane suke iya faɗin kwanan watansu. Firgita kuma a ɗakin da ya cika da jama'a ba ƙaramin haɗari ba ne, don turmutsitsi ba ya tambaya ko wasa ake yi.

Wannan ba ya nufin a haramta wa mutanen Maiduguri wasan ban tsoro, kamar dai su ba su da haƙƙin nishaɗin da kowa yake yi. Hasali ma tsohon lauyan nan yana da 'yan'uwa da yawa a birnin, maza da mata da suka haɗiye abin da suka gani, ba su taɓa samun inda za su amayar da shi ba. Mutum yakan kasa cewa ga abin da ya same ni, amma ya iya yin awa guda yana muhawara a kan Dodo, alhali kuwa labarin kansa yake bayarwa. Amfanin tatsuniya ke nan tun asali: ta sa wa abin tsoro wata riga, yadda za a iya dubansa ba tare da ido ya ƙone ba.

Saboda haka abin da ya kamaci mai tsara wasa a irin wannan wuri shi ne ya bi hanyar adudu, ya bar hanyar jini. Ya nesanta labarinsa, ya kai shi wani zamani ko wani gari, ya bar wa ɗan kallo ikon matsowa gwargwadon yadda zuciyarsa za ta ɗauka. Ya sanar da jama'a irin wasan tun kafin su shiga, kada ya yi musu ba-zata da ƙarar bindiga ko ta bam. Ƙofofi su kasance a buɗe, a kuma san inda suke. Ya sirka da ban dariya yadda mutanen Paris suka yi, ya nemi shawarar dattawa da matan unguwa tun wasan yana kan takarda, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In an gama kuma kada a kashe fitila a watse, a zauna a ji fassarar kowa, ta yaro da ta tsohuwa, ba tare da an ce wannan ce daidai waccan kuskure ba.

Abu na ƙarshe, dabarar nan ta sallamar mutane da Dodo a aljihu ta dace da waɗanda za su koma gidajen da ba a taɓa fasa ƙofarsu ba. Mutanen Abbaganaram sun yi shekaru cikin labarin da ba su san ranar ƙarewarsa ba, don haka in sun zo kallo, mafi ƙarancin abin da suke bin mai wasa bashi shi ne ya faɗa musu ƙurunƙus da babbar murya, ya kuma nuna musu sarƙar tana hannunsa har yanzu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da Barno da ƙasar nan baki ɗaya lafiya, amin.